Shekarar Da Na Sa Aka Aske Dabinon Mama

A bayan ɗakin da aka ba ni, tsakanin tankin ruwa da katangar maƙwabta, akwai bishiyar dabino guda ɗaya. Ita ce abu na farko da na so a Riyad. Wata tsohuwar Balarabiya nake tuƙawa a unguwar Nasiriya, wadda duk masu aikin gidan ke kira Mama. Ɗanta shi ne kafilina, wato sunansa ne a kan takardar zamana, kuma sai da sa hannunsa zan iya zuwa gida in dawo. Aikina bai wuce asibiti da kasuwa da gidan 'yarta ba. Sauran yinin nawa ne, kuma a gindin bishiyar nan nake ƙarar da shi, bisa wata kujerar roba mai karyayyen hannu, ina karanta littattafan soyayyar da na cuso a jaka daga Kano, waɗanda na maimaita har bangonsu ya rabu da su.

Wata biyar da aurena na taho. A lokacin da nake ba da labarinsa na shekara huɗu ban leƙa gida ba. Duk sa'ad da na ɗauko maganar hutu sai Mama ta ce bayan azumi, ko bayan an yi mata aikin ido, ko bayan bikin jikarta. Ni kuma ban iya naci ba. Abin da na iya shi ne rubuta wa matata dogayen saƙonni a waya, da irin kalmomin da jarumai ke faɗa a littafi. Ita ba mai yawan magana ba ce. In na cika mata allo da hasken idona da sanyin zuciyata, takan amsa da cewa rufin banɗaki ya fara yoyo.

Bishiyar mace ce, dogowa, ta wuce benen gidan da kaɗan. Tun rasuwar mijin Mama ba ta sake yin 'ya'yan kirki ba, don shi ne ke kawo mai hawa duk shekara a sa mata furen namiji. Dabino ba kamar mangwaro ba ne. In ba a kai wa macen garin furen namiji ba, sai ta fitar da wasu 'yan ƙanana marasa ƙwallo, su bushe su zube. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Na ɗauki hotonta da yamma na aika wa matata, na rubuta cewa ni ne bishiyar nan, ina tsaye ni kaɗai a ƙasar da ba tawa ba.

Sai ta kira ni.

“Malam, kai ne bishiyar?”

“Ni ne mana.”

“To madalla. Ni da nake zaune shekara huɗu, ɗakina ko kukan jinjiri babu, ni kuma wace ce? Tankin ruwan?”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A nan na yi mata alkawarin da ya zama sanadin komai. Na ce shekarar da bishiyar nan ta haihu, ni da kaina zan kawo mata 'ya'yanta, in sa mata na farko a baki da hannuna. Ta ce, “To. Ina jiran dabino.”

Washegari a hanyar asibiti na ba Mama labarin da gurguwar Larabcina. Ta kalle ni ta madubin mota, idonta ya kawo ruwa. Ta ce in har na sa bishiyar mijinta ta sake haihuwa, ita da bakinta za ta sa ɗanta ya sa mini hannu, kuma nonon dabino na farko da aka sauke na matata ne. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa samun magana mai ƙarfi haka a kan tafiyata ba. Daga ranar sai tafiyata gida ta rataya a saman bishiyar.

Da sanyi ya fara ja da baya, sai kwanson furen ya fara tsagewa a can sama. Kafilina ya kira wani kamfani mai kula da itatuwa. Suka turo mutum a farar mota mai buɗaɗɗen baya. Yana saukowa na ji ya yi tsaki yana mita da Hausa, ashe mutumin Maraɗi ne. Gajere ne mai ɗan tumbi, da hular kwano da rigar nan mai ɗaukar ido, da kati rataye a wuya. Na yi murna da jin harshenmu, amma murnar ba ta daɗe ba. Ya zagaya bishiyar sau uku bai ɗaga kai ya kalli samanta ko sau ɗaya ba. Gindinta yake ta dubawa. Yana tsokana da wani siririn ƙarfe, yana sunkuyawa yana shinshinawa kamar mai sayen kifi.

“Lafiyarta lau,” ya ce. “Za mu sa mata furen. Da famfo muke fesawa daga kan tsani.”

“Da famfo?”

“Da famfo. Amma akwai layi, sai nan da kwana goma. Kuma ka ji, direba, kada kowa ya sa mata ƙarfe. Lokacin yanka ya wuce, sai sanyi ya dawo.”

Ya cika takarda ya ba ni in kai ciki. Na tsaya ina kallon ƙurar motarsa raina a ɓace. A littattafan da na sani, mutumin da zai ceci alkawarin masoya ba ya zuwa da tumbi da famfo. Kuma akwai abin tsoro na gaske: na ji an ce furen mace in ya buɗe, kwanakinsa kaɗan ne.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tafi unguwar Shumaisi, inda mutanenmu ke taruwa wurin wani mai shayi a bayan shaguna. Ina cikin ba da labarin famfo sai wani tsoho a ƙarshen benci ya ajiye kofinsa ya ce, “A fesa wa dabino aure da famfo? Kamar maganin sauro?”

Mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, gemunsa fari fat. A wata masana'anta yake aiki a Birnin Masana'antu na Biyu, yana loda kwalaye a mota kwana shida a mako. Amma ya ce tun yana ɗan shekara goma yake hawan dabino a kwarin garinsu, ubansa ma aikinsa ke nan. Ya miƙo mini hannuwansa. Tafin ya yi kanta kamar ƙasan takalmi, bayan hannun kuwa duk tabon ƙaya ne, fari-fari, kamar an yayyafa shinkafa.

“Kai daga ina?” ya tambaye ni.

“Kano, Baba.”

“Wayyo. Shi ya sa. Bakano ai dabino a faranti ya san shi. Na tabbata ka ɗauka a kwali yake tsirowa.”

Aka yi ta dariya. Na ce su kuma Damagarawa da ba don mu saya ba da wa za su sayar wa. Ya ce in kawo shayi in daina surutu. Kafin mu tashi na riga na yanke shawara, har na fara tsara yadda zan ba matata labarinsa: tsohon da ƙaddara ta ajiye mini a ƙarshen benci.

Kafilina mutum ne mai sanyi, ba ya son dogon bayani. Na same shi zai shiga mota na gaya masa. Tambaya ɗaya ya yi.

“Yana da takardar shaidar aikin?”

Na ce, “Hannuwansa ne takardarsa.” Na daɗe ina jiran ranar da zan faɗi irin wannan magana, kuma ta fito daidai yadda nake so.

Ya ɗan yi murmushi. “In ya faɗo fa?”

“A wuyana.”

“A wuyanka,” ya ce, ya rufe ƙofar mota.

Shi da ni, faɗuwar mutum kaɗai muka yi tunani. Babu wanda ya kawo wa ransa cewa bishiya ma ana iya yi mata rauni.

Ba mu jira wata Juma'ar ba. Tsohon ya roƙi rabin yini a wurin aikinsa, ya zo da hantsi da igiya mai faɗi a kafaɗa da lauje a ƙugu, da furen namiji da ya sayo wurin manoma, naɗe a jarida. Ya ce sai da ya shinshina bakwai kafin ya zaɓi wannan. Ya tuɓe takalmi, ya zagaya igiyar a bayansa da jikin bishiyar, ya yi bisimilla. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin hawan nan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Ba ya sauri. Yakan jefa igiyar sama, ya jingina da ita, ƙafafunsa su bi, kamar mai hawa matakalar gidansu. Da ya kai sama ya fara share ƙayoyi, sannan ya buɗe kowane fure ya cusa silin namiji a tsakiya, kansa a ƙasa, ya ɗaure da ganyen bishiyar. Garin yana saukowa a cikin hasken rana kamar hayaƙin turare. Yana aiki yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

An turo Mama a kekenta na marasa lafiya har bakin tankin ruwa. Ta rufe fuska da gyale tana kuka, tana cewa haka mai hawan mijinta yake yi, haka dai. Da tsohon ya sauko ta sa aka kawo masa gahawa a kofin baƙi.

“An ɗaura,” ya ce da ni yana goge zufa. “Saura ka tanadi goron suna, Bakano.”

Auren ya karɓu. Cikin 'yan makonni sai ga nonna tara sun sauko, cike da 'ya'ya kore shar kamar ƙananan duwatsun ado. Kullum da safe kafin in wanke mota sai na ƙirga su. Matata ma ta fara tambaya. Takan ce, “Ya mai cikin?” Rabon da ta tsokane ni haka tun muna amarci.

A nan ya kamata in tsaya. Na sha komawa wannan wuri a zuciyata, kuma duk komawar sai in ga babu abin da ya rage a yi illa jira.

Abin da ya faru ƙarami ne. Na aika wani hoto, ƙanwar matata ta gani ta ce, wai wannan ce bishiyar da ake ta waƙa? Ta yi kama da wadda ta shekara ba ta je kitso ba. Matata ta faɗa mini tana dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ne kuma. Busassun rassa na shekara da shekaru sun rataya a wuyanta, jikinta duk guntayen kututture ne da zare, ga 'ya'ya biyu sun tsiro a gindinta sun yi buya-buya. Ni kuwa kullum ina wuce dabinan ƙofar manyan otal, jikinsu a gyare, an yanka shi daki-daki kamar zanen ƙwarya. Na so ranar da zan aika hoton ƙarshe, wanda zan rubuta gani nan tafe a ƙasansa, bishiyar ta fito kamar amarya.

Zafi ya riga ya shigo sosai lokacin da na koma Shumaisi na gaya wa tsohon.

“A'a,” ya ce. “Mu can ba ma aske dabino tana da ciki.”

“Saboda me, Baba?”

“Haka muka taras.”

“To ai ba dalili ke nan.”

Ya juya kofinsa a hannu. Bai da dalilin da zai ba ni, ni kuma ina da baki. Na ce masa nan ba ƙauye ba ne, nan ana ba ta ruwa ta bututu safe da yamma. Na ce masa shi gwani ne, hannunsa ba ya ɓata abu. Maganar mutumin Maraɗi ta faɗo mini, kada kowa ya sa mata ƙarfe, na ture ta gefe. Na ɗauka irin maganar 'yan kamfani ce, don kada wani ya ci abincinsu. Ban faɗa wa tsohon ba. Wannan ne abin da har yau ban iya gaya masa ba.

Ya zo ran Juma'a da laujensa a wase. Tun da ya yarda zai yi, sai ya yi shi da zuciya ɗaya. Ya sauke busassun rassan, ya haɗa da ɗanyu na ƙasa don kan ya daidaita. Ya bi jikin daga sama har ƙasa yana yanke kowane kututture, yana shiga ciki sosai har farin nama mai danshi ya bayyana. Ya sa gatari ya cire 'ya'yan nan biyu na gindi, wurin ya bar rami biyu kamar an cire haƙora. Da ya gama, bishiyar ta tsaya fara sol, siririya, nonnanta tara a fili. Wani ƙamshi mai zaƙi ya cika bayan gidan, kamar an fasa rake.

Na ce, “Baba, ba a shafa mata komai?”

“Rana za ta gasa shi. A garinmu rana ce likita.”

Na ɗauki hoton. Ya yi kyau fiye da yadda na zata. Tawul ɗina shuɗi yana shanye a igiya a gefe, ban ma lura ba. Na rubuta wa matata shafi guda a kan ƙamshin, na ce bishiyarmu ta yi wankan amarci.

Wata uku bayan haka, dabinon ya fara juyawa daga kore zuwa rawaya. Wata rana da azahar, gari ya yi tsit saboda zafi, ina zaune a kujerata sai na ji wari kamar na kunun da ya kwana. Na duba. Daga ɗaya daga cikin ramukan gindin wani ruwa mai kauri, ja-ja, yana tsiyaya, ga wani abu kamar tuƙaƙƙen rake ya taru a ƙasa. Na manna kunnena a jikinta. Can ciki na ji ƙurus, ƙurus, ƙurus, a hankali, ba tsayawa.

Lambar mutumin Maraɗi tana jikin takardar da ya bari. Ya zo washegari. Ya tsaya daga nesa ya kalli jikin bishiyar, ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu.

“Direba. Me na ce maka?”

Ya durƙusa ya zura ƙarfensa a ramin. Ƙarfen ya shige har hannunsa, ba abin da ya tare shi. Ya ƙwaƙulo wata tsutsa fara, mai jan kai, kaurinta ya kai babban yatsana, ya ajiye ta a kan siminti tana motsi.

“Ga baƙuwarka. Larabawa susa suke ce mata. Uwarta jan ƙwaro ce mai dogon baki, tana tashi sama. Ka ji ƙamshi ranar da aka yi askin?”

“Na ji.”

“Ita ma ta ji. Daga nesa take jinsa, shi ne kiranta. Shi ya sa ake yanka da sanyi, lokacin da ba ta yawo sosai, kuma duk inda ƙarfe ya taɓa a rufe shi da magani a ranar, kafin ka sha ruwa. Kai kuwa ka buɗe mata ƙofa ɗari, ka shimfiɗa tabarma.”

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya kalli sama. Ya daɗe yana kallon nonnan.

“Wa ya sa furen nan?”

Na gaya masa.

“Gwani ne,” ya ce. “Wallahi ni ban iya haka ba. Da famfona da ka samu rabin wannan ka gode Allah.”

Ya ce za su gwada ceto ta, amma bai yi mini alkawari ba. Za su huda jikinta su ɗura magani, su yi mata wanka da shi daga sama har ƙasa. Kafin nan sai an sauke 'ya'yan duka an zubar, don ba su nuna ba, kuma bayan maganin ba mai cin su.

Na ce, “Ko nono ɗaya a bar mini. Ɗaya tak.”

“Ka kai wa matarka guba? A'a, ɗan'uwa. Ba da hannuna ba.”

Ranar da suka zo aikin, tsohon ma ya zo, don na aika masa. Bai shigo ba sai da na jawo shi. Mutumin Maraɗi ya hau da bel da igiya biyu, yana nishi, ba kyan gani ko kaɗan, yana yanko nonnan ana saukewa ana cusawa a baƙaƙen ledoji. Tara. Na ɗauki ƙwaya ɗaya da ta gangaro na ciza, ta ɗaure mini baki.

Tsohon ya tsuguna gaban tsutsotsin da aka tara a gwangwani yana kallo. Da mutumin Maraɗi ya sauko ya gaishe shi da girmamawa, har da rusunawa.

“Shekara hamsin ina hawan dabino,” tsohon ya ce, “ban taɓa ganin wannan dabba ba.”

“Ba laifinka ba ne, Baba. Ni ma a aji na fara ganinta, a cikin kwalba.”

“Wannan katin na wuyanka, yaya ake samunsa?”

Mutumin Maraɗi ya sosa ƙeya. Ya ce kamfani ne ke tura mutum, a yi makonni ana karatu, a yi jarrabawa a rubuce, a yi ta hawa. Ya tambaye shi wace sana'a aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar zamansa. Tsohon ya ce lebura. Ya tambaye shi ko yana karanta boko. Ya ce ko sunansa sai an nuna masa.

“Baba, abin da na fi ka bai wuce uku ba: lokacin yanka, da maganin rauni, da sanin ƙwaron nan. A tsaye a nan zan iya koya maka kafin la'asar. Amma ba mai buɗe maka ƙofar gidansa don na koya maka. Katin suke tambaya. Kuma ka ga yau, ba zan ce ba su da gaskiya ba.”

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya miƙe ya dafa jikin bishiyar, a daidai inda laujensa ya bi, ya ce da ita, “Ki yafe.” Bai tuna mini cewa ya ce a'a ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafilina ma bai yi faɗa ba. Ya karanta rahoton kamfanin a tsaye, ya ninke, ya ce daga yau ko famfon wanka ne ya lalace, kada in kawo kowa. Mama ba ta taɓa yi mini maganar ba. Ta dai daina cewa a tura ta bayan gida, kuma a mota ta daina kallona ta madubi. Sharaɗinta a fili yake, in bishiyar ta haihu. Ban ga fuskar da zan tambayi hutu da ita ba.

Matata kuwa ban gaya mata ba. Lokacin nunar dabino ya zo ya wuce ina ce mata irin wannan mai jinkiri ne. In ta ce in turo hoto, sai in tura wancan na ranar aski, wani lokaci in yanke gefensa, wani lokaci in ƙara masa haske. Ina tsammanin maganin zai kama, baɗi a sake, in mayar da shekara ɗaya ta zama ɗan jinkiri a cikin labari mai daɗin ƙarshe. A littafi ana yin haka. Rassan sama kuwa suna ta sunkuyowa ɗaya bayan ɗaya, har tsakiyar kan ta karkace gefe.

Da sanyi ya shigo mutumin Maraɗi ya sake zuwa da ƙarfensa, ya ce ta ƙare, in aka bar ta za ta faɗa kan katangar maƙwabta, kuma ƙwarin za su bazu unguwa. Aka ce in kai Mama gidan 'yarta in dawo. Da zarto mai inji suka yanka ta gunduwa-gunduwa. Cikin duk ya zama ruɓaɓɓen gari, mutum zai iya zura kansa. Suka naɗe kowane gunduwa a leda suka tafi da shi inda ake niƙewa, ko guntu ba su bari ba.

A makon nan matata ta kira da rana tsaka, abin da ba ta saba ba.

“Malam, tawul ɗinka shuɗi.”

“Me ya same shi?”

“Wata shida ke nan yana shanye. Bai bushe ba har yanzu?”

Sai na gaya mata komai, tun daga famfo har zarto. Ban sa kalmar littafi ko ɗaya ba, ban ma tuna da su ba. Ta saurara har na gama.

“Dabino,” ta ce, “ko yau na so, ga shi can a bakin masallaci ana sayarwa. Ni kai na ce ka zo. Kai ne ka haɗa zuwanka da bishiya, ni kuma na biye maka don na ga abin da kake iya riƙewa ke nan.”

Na ce zan yi magana da kafilina.

“Ka yi,” ta ce. “Ni dai gobe zan koma gidanmu. Yaya zai kira ka.”

Yayanta ya kira, cikin mutunci. Ya ce ba wanda ke kora ta, ba wanda ke tilasta mata, amma shekara biyar ba kwana biyar ba ce, kuma suna so su ga ƙafata a Kano kafin babbar salla, in ba haka ba manya za su zauna. Na sami kafilina zai shiga mota. Ya saurare ni hannunsa a kan ƙofa, ya ce Mama ba ta jin daɗi kwanan nan, kuma ba ta yarda da tuƙin kowa ba. Ya ce mu gani bayan salla.

An zuba siminti a inda bishiyar take, an jera tayil. Kujerata tana nan, amma babu inuwa, sai rana ta faɗa bayan tanki nake iya zama. Littattafan suna cikin jaka. Na gwada buɗe ɗaya kwanaki, na kai inda jarumin ya iso ƙofar gida a daidai lokacin da ya kamata, na rufe.

Ina zuwa Shumaisi ran Juma'a har yanzu. Tsohon yana ƙarshen bencinsa. Ya ba wani mai gyaran taya igiyarsa yana ɗaure kaya da ita. Yana ce mini Bakano, yana cewa in kawo shayi, amma in muka fito muka bi ta gaban dabinan bakin titi, shi ƙasa yake kallo, ni ma haka. Makon jiya ya tambaye ni labarin gida. Na ce ina gaishe ta kullum da safe, tana amsawa da lafiya lau, kalma biyu. Ya tambaye ni saura kwana nawa salla. Na ce sha tara.